Ƙananan Maɗaba'u da Mujallu a Rayuwar Mata Marubuta Labaran Hasashe

A shekarar 1975 marubucin nan na Amurka Robert Silverberg ya rubuta gabatarwa ga wani tarin gajerun labarai na James Tiptree Jr., wanda a lokacin tauraronsa ke haskawa a fagen ƙagaggun labaran kimiyya duk da cewa babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. A cikin gabatarwar Silverberg ya yi watsi da raɗe-raɗin da ake yi cewa wannan marubuci mace ce, yana mai kafa hujja da cewa akwai wata siffa ta maza a cikin rubutun wadda ba ta ɓoyuwa. A ƙarshen 1976 asiri ya tonu: Tiptree sunan aro ne na Alice Sheldon, mace mai shekara 61. An sha ba da wannan labari don a yi dariya, amma abin da ke cikinsa ya wuce dariya, domin ya nuna cewa hukuncin da ake yanke wa rubutu yakan fara ne tun daga sunan da ke jikin bango, kafin a kai ga shafin farko.

Abin da ake kira labaran hasashe babbar rumfa ce da ta tattara ƙagaggun labaran kimiyya, da na al'ajabi da sihiri, da na ban tsoro, da waɗanda ke sauya akalar tarihi su tambayi yadda duniya za ta kasance da abu kaza bai faru ba. Mata suna cikin wannan rumfa tun ranar da aka kafa ta, kuma mutane da yawa suna ƙirga littafin Mary Shelley na 1818, Frankenstein, a matsayin tushen ƙagaggen labarin kimiyya na zamani. Saboda haka tambayar da ta kamata a yi ba ita ce yaushe mata suka fara rubutu ba. Tambayar ita ce me ya sa kowane ƙarni yake wayar gari yana ganin kamar a zamaninsa suka fara. A wajen amsa wannan tambaya ne ake gane ainihin aikin ƙananan maɗaba'u da mujallu, domin a ganina babban abin da suke yaƙa shi ne mantuwa, fiye ma da rufe ƙofa.

Misalai biyu sun isa su nuna yadda mantuwar take aiki. A 1905 Rokeya Sakhawat Hossain, Musulma daga yankin Bengal, ta wallafa gajeren labarinta Sultana's Dream a wata mujallar mata da ake bugawa a Madras, inda ta zana wata ƙasa da mata ke tafiyar da mulki da kimiyya, suna dafa abinci da zafin rana, maza kuwa suna kulle a gida. Masu karatu a ƙasashen Yamma ba su san da labarin sosai ba sai da Feminist Press, ƙaramar maɗaba'a da Florence Howe ta kafa a 1970, ta sake buga shi a 1988. Haka ma Herland na Charlotte Perkins Gilman, wanda ya fito kashi-kashi a 1915 a cikin mujallar da ita kanta take rubutawa kuma take bugawa, bai zama littafi mai bango ba sai a 1979, shekara 64 bayan fitowarsa. Dukkan labaran biyu a ƙananan mujallu aka haife su, dukkansu sun nutse, kuma sai da masu neman abin da mata suka rubuta suka yi nitso da gangan kafin a tsamo su.

Marubuciyar labaran kimiyya Joanna Russ ta yi wa wannan al'amari filla-filla a littafinta na 1983, How to Suppress Women's Writing, inda ta nuna cewa ba sai an kafa doka ba ake danne rubutun mace. Ya isa a ce ba ita ta rubuta ba, ko a ce ta rubuta amma bai dace ta rubuta ba, ko a ce ta rubuta guda ɗaya ne kawai mai kyau, ko a ɗauke ta a matsayin wata ta daban da ba ta da magabata kuma ba ta da magada. Wannan dabara ta ƙarshe ita ce ta fi shafar batunmu, domin marubuciyar da aka raba da magabatanta dole ta sake ƙirƙiro abin da aka riga aka ƙirƙiro, kuma edita na gaba zai karɓe ta a matsayin baƙuwa.

Ba a nan kaɗai matsalar ta tsaya ba. A zamanin mujallu masu arhar takarda, marubuta irin su C. L. Moore sun yi amfani da haruffan farko na sunayensu, Alice Mary Norton ta zama Andre Norton, kuma a 1969 mujallar Playboy ta buga wani labarin Ursula K. Le Guin da sunan U. K. Le Guin don kada masu karatunta su gane mace ce. Ba kowace marubuciya ce ta ɓoye suna saboda tsoro ba, kuma an sami editoci maza da suka buga mata ba tare da wata fargaba ba, amma abin lura shi ne yadda kujerar edita take sauya abin da ke fitowa. Cele Goldsmith, wadda ta riƙe mujallun Amazing Stories da Fantastic daga 1958 zuwa 1965, ita ce ta sayi labarin Le Guin na farko a wannan fanni a 1962. Mutum ɗaya a kan kujera ɗaya, amma ƙofar da ta buɗe ta shigo da marubuciyar da ta zama mace ta farko da ta ci kyautar Hugo, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fannin, a rukunin ƙagaggen littafi a 1970.

A shekarun 1970 ne abin ya tashi daga sa'ar samun edita mai buɗaɗɗen ido ya koma tsari da aka gina da gangan. Masu sha'awar fannin suka fara buga ƙananan mujallu na hannu, waɗanda ake tafawa da keken rubutu a aika ta gidan waya. Amanda Bankier ta fara The Witch and the Chameleon a Kanada a 1974, sannan Janus ta ɓullo a garin Madison na jihar Wisconsin a 1975 ƙarƙashin Janice Bogstad da Jeanne Gomoll. Daga wannan da'ira ta Madison ne WisCon, taron masu sha'awar labaran kimiyya da ke duba lamarin mata, ya samo asali a 1977, kuma a wajen taron ne a 1991 Pat Murphy da Karen Joy Fowler suka sanar da kafa kyauta mai ɗauke da sunan Tiptree, domin rubutun da ke zurfafa tunani a kan matsayin mace da namiji. Da kuɗin sayar da kek da biskit aka riƙa ɗaukar nauyin kyautar, kuma da gayya aka zaɓi wannan hanya, domin a mayar da aikin da ake rainawa na ɗakin girki ya zama jarin adabi. A Ingila kuma, The Women's Press da aka kafa a 1978 ta buɗe jerin littattafan kimiyya na mata zalla a 1985 a hannun Jen Green da Sarah Lefanu, inda ta sake buga ayyukan Russ da wasunta tare da sababbin marubuta.

Domin a fahimci dalilin da ya sa ƙaramar maɗaba'a take iya abin da babba ba ta iyawa, sai an dubi lissafin kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar duka. Babban kamfani yana da ma'aikata masu albashi, da ofisoshi, da masu hannun jari da ke jiran riba, saboda haka kafin ya sayi littafi sai ya yi ƙiyasin kwafi nawa zai sayar, kuma hanyar ƙiyasin ita ce kwatanta sabon littafin da waɗanda suka yi kama da shi a baya. A nan tarkon yake. Idan a baya ba a buga irin wannan littafi ba, ko an buga ba a tallata shi ba, to alƙaluma za su nuna cewa ba shi da kasuwa, kuma rashin kasuwar zai zama hujjar ƙin buga na gaba. Ba lallai ne a sami wani mugu a ofishin ba; lissafin da kansa yana maimaita son zuciyar jiya. Ƙaramar maɗaba'a kuwa, wadda wataƙila mutum biyu ne ke tafiyar da ita daga cikin gidansu, tana iya mayar da kuɗinta da cinikin da babban kamfani zai kira asara. Fasahar buga littafi gwargwadon buƙata, inda ba a buga kwafi sai an sami mai saye, da kuma littattafan da ake karantawa a waya da kwamfuta, sun rage mata nauyin jibge kaya a sito, wanda a da shi ne yake karya ƙananan 'yan kasuwar littafi.

Wannan 'yanci yana bayyana ƙarara a irin siffofin rubutun da suke ɗauka. Manyan kamfanoni sun daɗe suna ɗari-ɗari da tarin gajerun labarai, da matsakaicin labari wanda ya wuce gajere bai kai littafi ba, da maƙalun nazari, alhali kuwa a waɗannan siffofi ne marubuci yake gwada sabon tunani, kuma su ne suka fi sauƙin kammaluwa ga wadda take rubutu a ɗan lokacin da ya rage mata bayan aiki da hidimar iyali. Aqueduct Press, wadda L. Timmel Duchamp ta kafa a Seattle a 2004 domin ƙagaggun labaran kimiyya masu duba lamarin mata, ta gina jerin ƙananan littattafai mai suna Conversation Pieces a kan wannan giɓi. Sunan jerin yana nuni da hira, kuma manufar ke nan: a ɗauki fannin a matsayin doguwar tattaunawa tsakanin marubuta na da da na yanzu. Littafin Gwyneth Jones mai suna Life, wanda maɗaba'ar ta fitar a shekararta ta farko, ya ci kyautar Philip K. Dick, tarin labaran Nisi Shawl, Filter House, ya ci kyautar Tiptree ta 2008, kuma a nan ne aka buga ɗan littafin Shawl da Cynthia Ward na 2005 a kan yadda marubuci zai zana mutanen da ba irinsa ba, wanda har yau ake koyarwa da shi.

Small Beer Press ta bi wata hanya dabam. Kelly Link da Gavin Grant sun fara ne da ƙaramar mujalla a 1996, suka kafa maɗaba'ar a 2000, kuma ba su taɓa cewa ta mata ce zalla ba, amma jerin littattafansu yana magana da kansa. Su suka buga The Mount na Carol Emshwiller a 2002, lokacin da ta haura shekara 80, da fassarar da Le Guin ta yi wa littafin marubuciyar Ajantina Angélica Gorodischer a 2003, da littafin farko na Karen Lord ta Barbados a 2010, da A Stranger in Olondria na Sofia Samatar a 2013, wanda ya ci kyautar World Fantasy a shekarar da ta biyo baya. A Ostireliya, Alisa Krasnostein ta kafa Twelfth Planet Press a 2006, ta kuma tsara jerin ƙananan kundaye na marubuta mata 'yan ƙasar, kowace da nata. A Indiya, Zubaan ta Urvashi Butalia, wadda ta tsiro a 2003 daga tsohuwar maɗaba'ar Kali for Women, ita ce ta buga tarin labaran Vandana Singh, malamar kimiyyar fiziks. Waɗannan gidaje ba tsari ɗaya suke bi ba: wani ya keɓe kansa ga mata, wani ya bar ƙofa a buɗe ga kowa amma editansa yana karatu da ido dabam, kuma a ganina na biyun bai gaza na farkon tasiri ba.

Tarihin Octavia Butler yana nuna ɓangaren aikin da ba a cika yabawa ba, wato riƙe littafi a kasuwa bayan hayaniyar fitowarsa ta kwanta. Babban kamfani ne ya fara buga Kindred a 1979, amma sake bugun da Beacon Press ta yi a 1988 shi ne ya shigar da shi azuzuwan makarantu ya kuma tsare shi a hannun masu karatu. Parable of the Sower ya fito a 1993 daga ƙaramar maɗaba'a mai zaman kanta, Four Walls Eight Windows, kuma sai a 2020, shekara 14 bayan rasuwar marubuciyar, ya shiga jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times. Littafin da aka daina bugawa ba ya samun irin wannan rana, komai kyansa, domin malami ba zai sa shi a manhaja ba idan ɗalibai ba za su same shi ba.

Zuwan intanet ya mayar da mujallu matakin farko na tsanin. Mary Anne Mohanraj ta kafa Strange Horizons a 2000, mujallar da ake karantawa kyauta, masu aikin sa kai ke tafiyar da ita, kuma gudummawar masu karatu ce ke biyan marubuta. Ban da buga labarai, mujallar ta yi wasu shekaru tana ƙirga littattafan da mujallun fannin suke yi wa sharhi, tana rarrabe na maza da na mata, kuma wannan ƙirga ta mayar da ƙorafin da ake iya musantawa ya zama alƙaluman da dole a amsa su. A 2014 mujallar Lightspeed ta fitar da bugu na musamman mai taken Women Destroy Science Fiction!, wanda mata ne suka rubuta shi suka kuma tace shi, taken kuwa ba'a ce ga masu cewa mata suna lalata fannin. An nemi dala 5,000 ta hanyar karo-karo a Kickstarter, aka tara sama da dala 50,000. A shekarar ce kuma Lynne M. Thomas da Michael Damian Thomas suka kafa Uncanny, wadda ta buga fassarar labarin Hao Jingfang ta ƙasar Sin da ya ci Hugo a 2016. Akwai kuma irin su Luna Station Quarterly, da ta keɓe shafukanta ga mata, musamman masu tasowa. Marubuciyar da ta sayar da labarai uku ko huɗu a irin waɗannan wurare tana da abin nunawa idan ta je neman wakilin da zai tallata littafinta, kuma N. K. Jemisin, wadda ta ci Hugo sau uku a jere daga 2016 zuwa 2018, ta bi ta mujallun Strange Horizons da Clarkesworld kafin duniya ta san sunanta.

Akwai wata hujja da manyan editoci suka sha kawowa, wadda bai kamata a yi watsi da ita ba: suna cewa mata ba sa aiko da rubutu da yawa. A 2013 wata edita a reshen kamfanin buga littattafai na Tor da ke Ingila ta bayyana cewa a cikin rubuce-rubucen kimiyya da aka aiko musu kai tsaye, na mata bai wuce kashi ɗaya cikin biyar da 'yan kai ba. Alƙaluman na iya zama gaskiya, amma ba su ne ƙarshen magana ba, domin mutum yakan aika rubutunsa ne inda yake ganin irinsa. Abin da ƙananan mujallu suka gano shi ne cewa zama a jira ba ya sauya komai. Sai an yi shela a fili, an gayyaci marubuta da sunansu, an sa mata cikin masu karatun farko da ke tace tarin abin da aka aiko, wani lokaci kuma an cire sunan marubuci kafin a karanta. Duk waɗannan ƙananan dabaru ne, amma su ne suke sauya abin da ke isowa teburin edita.

Sai dai kalmar mata ita kanta tana ɓoye wani bambanci. Ƙofar da aka buɗe a shekarun 1970 da 1980 ta fi amfanar fararen mata masu rubutu da Ingilishi a Amurka da Ingila, kuma waɗanda suka rage a waje sun faɗi haka da babbar murya. A WisCon ɗin ne dai aka kafa ƙungiyar Carl Brandon Society a 1999 domin marubutan da ba farare ba. A 2016 mujallar Fireside ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a cikin labarai 2,039 da mujallu 63 suka buga a 2015, guda 38 ne kacal baƙaƙen fata suka rubuta, kuma a farkon 2017 mujallar FIYAH ta fara fitowa domin baƙaƙen marubuta, ta kai ga cin Hugo a 2021. A Afirka, Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a 2014, ta zama dandalin marubutan nahiyar, sannan kyautar Nommo ta biyo baya a 2017. Ta fuskar fassara ma ƙananan ne ke gaba: ƙaramar maɗaba'ar Honford Star ce ta fitar da Cursed Bunny na Bora Chung ta Koriya ta Kudu da Ingilishi, littafin da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2022. Darasin da ke nan bai yi wa kowa daɗi ba, domin ya nuna cewa gidan da aka gina don waɗanda aka ware shi ma yana iya ware wasu ba tare da ya lura ba.

Wasu marubuta mata kuma ba sa son a sa su a kundin mata zalla, suna ganin hakan tamkar keɓe su ne a wani ɗaki na gefe, inda za a yaba musu a matsayin mata maimakon a matsayin marubuta. Wannan damuwa tana da tushe, musamman idan bugu na musamman ya zama uzurin da mujalla za ta fake da shi ta koma halinta a sauran watanni goma sha ɗaya. Abin da nake gani shi ne, ana auna amfanin keɓaɓɓen dandali ne da abin da ya biyo bayansa: idan sunayen da suka fito a cikinsa sun ci gaba da bayyana a sauran wurare, ya yi aikinsa, idan kuwa a nan suka tsaya, to an yi biki ne kawai an watse.

Mai karatu zai iya tambaya ko har yanzu akwai buƙatar wannan duka, tunda daga 2016 zuwa 2024 mata ne suka ci kyautar Hugo ta ƙagaggen littafi kowace shekara ba fashi. Amsar tana cikin tarihin fannin. An taɓa ganin irin wannan igiya: Le Guin ta ci a 1970 da 1975, Kate Wilhelm a 1977, Vonda McIntyre a 1979, Joan Vinge a 1981, C. J. Cherryh a 1982. Amma a 1986, da aka fitar da Mirrorshades, kundin da ya gabatar da sabon salon labaran kwamfuta da birane masu duhu, mace ɗaya ce tak a cikinsa, Pat Cadigan, kuma aka fara bayyana shekarun 1970 a matsayin zamanin da fannin ya yi barci. Jeanne Gomoll ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Joanna Russ a kan wannan, tana nuna cewa ana goge shekaru goma na aikin mata a gaban idon waɗanda suka yi shi. A ƙaramar mujalla aka buga wasiƙar, domin nan ne kaɗai ake da wurin irin wannan magana. Ban da haka, 'yan dubban mambobin taron duniya na masu sha'awar fannin ne ke zaɓen Hugo, kuma ɗanɗanonsu ba shi ne ma'aunin abin da kantunan littafi ke jerawa a gaba ba, ko abin da ake fassarawa, ko abin da za a tuna bayan shekara 30.

Ɓangaren da ya fi damuna shi ne wanda yake ɗaukar nauyin wannan aiki. Ƙungiyar marubutan fannin ta Amurka ta sa senti 8 a kan kowace kalma a matsayin mafi ƙarancin ladan ƙwararru a 2019, wato labari mai kalma 4,000 zai kawo dala 320, kuɗin da ba zai riƙe kowa ba idan aka dubi makonnin da aka ɓata a kansa. Duk da ƙanƙantarsa, mujallar da ke buga kalma 20,000 a wata tana buƙatar dala 1,600 don labarai kaɗai, ban da mai zane da kuɗin shafin intanet. Abin da aka saba yi shi ne a biya marubuta, editoci kuwa su yi aiki kyauta, kuma da yawa daga cikin editocin nan mata ne da ke da wani aikin na cin abinci. Ƙaramar maɗaba'a ba ta iya ba da kafin alƙalami mai tsoka, ba ta da ƙarfin talla, saboda haka da zarar marubuciya ta yi suna sai babban kamfani ya zo da tayin da ba za ta iya ƙi ba, kuma babu mai ganin laifinta. Kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani lokaci ma gidan gaba ɗaya ake saya, kamar yadda Virago, wadda Carmen Callil ta kafa a Landan a 1973, ta koma ƙarƙashin babban kamfanin Little, Brown a 1995. Kada kuma a ɗauka ƙanƙanta tana nufin tsarki, domin an sha samun ƙananan maɗaba'u da suka riƙe haƙƙin marubuta ko suka durƙushe da kuɗinsu, kuma kusancin da ke tsakanin edita da marubuciya yakan sa neman haƙƙi ya yi nauyi a baki.

'Yan shekarun nan sun ƙara tsananta lamarin. A Fabrairun 2023 Clarkesworld ta rufe karɓar rubutu na ɗan lokaci saboda ambaliyar labaran da na'ura ta ƙirƙira, kuma irin wannan ambaliya ta fi cutar da sabuwar marubuciya wadda ba ta san kowa ba, domin buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce kaɗai hanyarta. A shekarar ce Amazon ta dakatar da tsarin biyan kuɗin mujallu na wata-wata a na'urarta ta karatu, Kindle, tsarin da mujallu da dama suka dogara da shi. A Maris na 2024 kuma Small Press Distribution, dillalin da ya shafe sama da shekara 50 yana kai littattafan ɗaruruwan ƙananan maɗaba'u kantuna da ɗakunan karatu a Amurka, ya rufe ba zato ba tsammani, ya bar masu maɗaba'u suna neman yadda za su karɓo kayansu daga sito.

A 2018 maɗaba'ar Library of America ta fitar da The Future Is Female!, kundin da Lisa Yaszek ta tattara na labarai 25 da mata suka rubuta daga shekarun 1920 zuwa na 1960. Aikin ya yiwu ne saboda tsofaffin mujallun, duk da arhar takardarsu, sun tsira a akwatunan masu tarawa da ɗakunan karatu na jami'o'i. Mujallar intanet ba ta barin takarda. Ranar da editarta ta gaji ko ta kasa biyan kuɗin shafi, labaran shekara goma suna iya ɓacewa cikin dare ɗaya, sai abin da Internet Archive, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, ta yi sa'ar kwafewa, kuma a irin waɗannan shafuka ne da yawa daga cikin matan da suka fara rubutu bayan 2000 suka buga labaransu na farko.